Ɗigon Bayan Kunne

Ranar da Hinda ta haifi Rilwanu zabiya, tsofaffin matan Dogo-Dogo ko a jikinsu. Suka ce yaron bai gama nuna ba ne, a riƙa shanya shi da hantsi, rana za ta ƙarasa aikin. Hinda kuwa, baiwar Allah, akwai jin maganar manya. Kullum sai ta kwantar da shi kan tabarma kusa da kuɓewar da take busarwa, yana tsala ihu tana share hawaye. Da baƙaƙen ɗigo suka feso masa a wuya da kunne har guɗa aka yi, wai ya fara rinewa.

Ina fa rinewa! Haka ya girma yana noman gero ba malafa, don kada samari su ce masa rago. Ya auri 'yar kawunsa Zulfa, ta haifa masa Ruma'isa, fara sol kamar ubanta. Ba a yaye ta ba ɗigon bayan kunnensa ya fashe ya zama gyambo, ya ƙi jin kowane magani.

Hinda ta raka shi asibitin Magaria, aka tura su Damagaram. Lokotoro ya duba ya ce sankarar fata ce, kuma ta yi nisa.

"Gwaggo, ɗigon nan ƙunar rana ce," in ji shi. "Zabiya sai inuwa, da malafa, da riga mai dogon hannu, da man kare rana, tun yana jariri."

Nan take Hinda ta buga waya gida ta ce kada a kuskura a fitar da Ruma'isa rana. Aka ce mata to, irin "to" ɗin da ake wa wanda tashin hankali ya ruɗa.

Jinya ta yi tsawo. A Damagaram aka binne Rilwanu. Hinda ta dawo da baƙin ciki da wata 'yar malafa da ta saya wa jikarta, wadda ita kaɗai ta rage mata a duniya.

Wajen zaman makoki uwar Zulfa ta matso da yarinyar, tana son ta sanyaya mata rai.

"Yaya, share hawayenki. Mu dai ba mu fasa shanya ta ba. Duba ki gani, ta fara rinewa."

Hinda ta lanƙwasa ɗan kunnen. Ɗigo ne baƙi, daidai inda na ubanta ya fara.