Jan Zare a Goshin Yurany

Don Evelio Rincón ya zaro jan zare daga bakin ruana, bargon ulun da yake yafawa, ya jiƙa shi da miyau, ya dunƙule, ya manna wa 'yarsa a goshi. A ƙofar jami'a suke tsaye, ɗalibai suna wucewa suna kallo.

"Baba, jarirai ake yi wa wannan," in ji Yurany. "Ni kuwa na... hiƙ... girma."

"Da shi na raine ki. Kar ki taɓa."

Shaƙuwar ta kama ta tun jiya da yamma. Ta sha ruwa a sunkuye, ta haɗiyi sukari, ta riƙe numfashi har idonta ya yi ja, duk a banza. Ga shi yau da ƙarfe uku za ta tsaya gaban malamai ta kare kundin digirinta na likitancin dabbobi. Shugabar malaman daga Bogotá ta zo, yau za ta koma, kuma ba za a sake ganinta a nan garin Tunja ba sai baɗi. Ƙungiyar masu madara ta ƙauyensu ta ajiye wa Yurany aiki, aikin kuwa ba zai jira baɗi ba.

Don Evelio manomin dankali ne. Ya bar gona, ya shigo motar asuba da sabon takalmi mai matse shi, bayan ya gaya wa kowa a ƙauye cewa da likita zai dawo. Shi ba ya faɗin magana ta kasa tabbata.

"Mu je asibitin makarantar," ya ce. "Allura ɗaya ce."

Suka tarar da asibitin a kulle. A gindin ƙofar wata dattijuwa na zaune da tulun gahawa da tiren wainar masara. Doña Berenice ce, nas ɗin da ta tsufa a cikin ɗakin nan tana ɗinke kawunan 'yan ƙwallo.

"Doña Berenice, ina... hiƙ... asibitin?"

"Ya mutu, 'yata, mun yi jana'iza a hutun da ya wuce. Ba kya karanta saƙonnin makaranta?" Ta dubi goshin Yurany, ta dubi tsohon. "Wa ya manna miki wannan? Ai a karkace yake."

"Daidai yake," in ji Don Evelio.

"To, sumercé, ranka ya daɗe, tunda kai ne likita, me ya kawo ku?"

Ta yi musu bayani tana zuba wa wani gahawa. Jami'a ta miƙa lafiyar ɗalibai ga wani kamfanin inshora. Yanzu babu gado, babu allura, babu nas. Akwai wani ɗan ɗaki kusa da ɗakin karatu, ka shiga, ka ɗora yatsa, likita ya fito a allo daga Bogotá.

"Yana taɓa mutum ta yaya?" in ji Don Evelio.

"Ba ya taɓawa. Shi ne ci gaban."

Ɗakin bai fi wurin ajiye buhu goma ba. Kujera ɗaya ce a ciki, Yurany ta zauna, uban ya tsaya a bayanta, hularsa a kai. Ta ɗora yatsa. Allon ya yi kiɗa, ya gode musu da haƙuri, ya sake godewa. Can sai ga wani saurayi da farar riga, yana goge baki da takarda.

"Barka da rana, ni ne Likita Ospina. Me ke damun ki?"

"Likita, tun... hiƙ... ina da... hiƙ..."

"Shaƙuwa," in ji Don Evelio.

"Na ji. Tun yaushe?"

To, Don Evelio ya san likitoci. A ɗakin shan magani na ƙauyensu, wanda ya ce kansa na ciwo, a ce ya je ya sha ruwa. Wanda ya ce kansa zai tsage, kuma kakansa da haka ya tafi, shi ake ba ƙwaya. Kowa ya san wannan. Likitan can ma ya sani, shi ya sa duk abin da aka gaya masa yake raba shi biyu. Kamar cinikin saniya ne a kasuwar Juma'a: ka faɗi sama, a sauko da kai inda kake so.

"Sati guda," ya ce.

Yurany ta juyo. "Baba... hiƙ..."

Ya danna mata kafaɗa. "Ba ta barci. Ba ta cin abinci. Abin da ta ci, ya dawo."

Likita Ospina ya ajiye takardar goge baki, ya gyara zama. "Tana jin jiri?"

"Sosai."

"Ta taɓa faɗuwa?"

"Jiya ta kira ni da sunan wani," in ji Don Evelio, don ya ga cinikin na tafiya.

Yurany ta buɗe baki, ta rufe. Ba a taɓa jin wata 'yar Rincón ta ƙaryata ubanta a gaban baƙo ba, ko da baƙon a cikin allo yake. Likitan ya yi ta danne-danne. Bai raba komai biyu ba.

"Wannan ba abin wasa ba ne," ya ce. "Na tura ta babban asibiti a duba kanta. Saƙo zai shigo wayarta yanzu. Kafin ku fita, don Allah ku danna..."

Don Evelio ya riga ya ja ta waje. Ya yi ciniki, ya ci riba, ba ya tsayawa dogon sallama.

"Kin gani? Har babban asibiti. Da na bar ki, ruwa zai ce ki sha."

Wayar ta yi ƙara a daidai wurin Doña Berenice. Yurany ta karanta, ta sake karantawa. Ta zauna a kan dakali ba tare da ta duba ko da ƙura ba.

"Mene ne?"

"Ya ba ni hutun jinya, Baba. Kamfanin ya aika wa sashenmu kai tsaye. Sun cire sunana daga na yau. Sun ce mara lafiya ba ya shiga jarrabawa, kuma suna yi mini fatan samun sauƙi."

"Wa ya ce su aika?"

"Ba mai cewa," in ji Doña Berenice. "Na'ura ce ke gaya wa na'ura. Da can sai yaro ya yi mini kuka kafin in rubuta masa hutu. Me ka gaya wa likitan, sumercé?"

"Abin da ake gaya wa likita."

"Wayyo ni. Nawa ka ƙara?"

Ya gyara hularsa. Yurany ta miƙe, ta fara magana. Ta yi maganar shekarun da ta yi tana tura hannu cikin shanun mutane da sanyin asuba, da aikin da zai tafi hannun ɗan shugaban ƙungiya wanda bai san gaban akuya da bayanta ba, da malamar da za ta hau mota da yamma. Ba ta ɗaga murya ba, amma ba ta tsaya ba. Ta daɗe tana yi kafin Doña Berenice ta ɗaga hannu.

"Tsaya, 'yata. Ina shaƙuwar?"

Suka kasa kunne su uku, suna jira. Babu. Tsoro ya kore ta.

"Zaren ne," in ji Don Evelio.

"Baba, ka koma ka gaya masa gaskiya."

Ya dubi takalminsa. Tunda yake bai taɓa janye magana ba, ko a gaban limamin coci. Amma agogon hasumiya na can yana tafiya, kuma ƙauye guda na jiran likita. Ya gyara ruana, ya juya.

Tun daga nesa suka ji murya na fitowa daga ɗan ɗakin.

"Akwai wani a nan? Don Allah wani ya danna fuskar!"

Likita Ospina na nan a allo, ya dafe kai. A ƙasan hotonsa fuskoki uku sun bayyana: mai murmushi, mai shiru, mai ɗaure fuska.

"Na gode wa Allah, kun dawo! Tsari ne, Don. Sai mara lafiya ya danna fuska ɗaya sannan layin ya yanke. Mutane na jira na, kuma ana auna mini lokaci."

Don Evelio ya zauna a kujerar, ya cire hula, ya ɗora ta a gwiwa. Ya dubi fuskokin uku a natse. Wannan irin ciniki ne da ya sani.

"Yaro, hutun nan. Cire shi."

"Ba zan iya ba. Mace mai shaƙuwar sati guda, da jiri, da ruɗewa..."

"Ba sati ba ne."

"Kwana nawa?"

"Ya kusa."

"Baba," in ji Yurany daga baya.

"Tun jiya," ya ce, kamar ana cire masa haƙori.

"Aman fa?"

"Ta ci waina biyu a tasha. Suna nan inda ta sa su."

"Ka ce ta kira ka da sunan wani."

"Ta ce mini Baba. Ba sunana ba ne."

Likitan ya rufe ido. "Don, me ya sa ka yi mini ƙarya?"

"Ban yi ƙarya ba. Na faɗi farashin farko ne. Kai ne ba ka taya ba. A ina ka yi karatu?"

Likita Ospina ya sa Yurany ta ƙirga daga ashirin zuwa ɗaya, ta taɓa hanci da yatsa, ta faɗi sunan garin da take. Ya danna abin da zai danna. Wayarta ta yi ƙara: kamfanin na taya ta murnar warkewa, an mayar da sunanta.

"Yanzu fuskar, Don, don girman Allah."

Don Evelio ya ɗaga yatsa, ya yi shawagi da shi a kan mai murmushi, ya danna ta tsakiya. Bai ga allura ba.

Sun shiga zauren jarrabawar da gudu, shi yana ɗingishi saboda takalmi. Ya zauna a layin baya. Yurany ta tsaya gaban malamai uku da jan zare a goshi, ta manta da shi sam. Malamar Bogotá ta dube shi ta saman tabarau, ta ɗan shafa nata goshin. Sauran biyun ma haka. Kowannensu da uwar da ta haife shi.

Yurany ta fara bayani kan ciwon nonon shanu a ƙasar sanyi, muryarta tsaf. Zauren ya yi tsit. Don Evelio bai gane rabin kalmomin ba, amma ya miƙe wuya, ƙirjinsa ya cika.

"Hiƙ!"

Kowa ya waiwayo. Ya ɗaure fuska, ya dubi na kusa da shi kamar shi ne. Ta biyu ta fi ta farko ƙarfi. A ta uku ya ɗauki hularsa ya fita, ya tsaya a baranda, kunnensa a jikin ƙofa. Daga nan ya ji sauran, tsakanin shaƙuwa da shaƙuwa, har tafin ƙarshe.

Ƙofa ta buɗe, Yurany ta fito idonta jiƙe.

"Baba, na ci."

"Na sani. Na... hiƙ... ji."

"Mu je ɗan ɗakin? Sai dai inshorar ta ɗalibai ce, kai ba ka ciki. Ni ma daga yau na fita."

"Ba na so."

Ta ɓanɓare zaren daga goshinta, ta jiƙa shi, ta ɗaga bakin hularsa ta manna masa. Ya tsaya ƙyam, bai hana ta ba. Suka jira.

"Hiƙ!"

"Bai yi aiki ba, Baba."

"Ya gaji ne," in ji Don Evelio. Ya ja hular ta rufe zaren, ya wuce gaba zuwa tasha.