Karen Moro Ya Ƙi Cin Abinci

Karen ba nawa ba ne, na matata Moro ne. Wani maharbi ya tsinto shi yana ɗan kwikwiyo a kogon bishiya, can cikin kurmin dutsen da ke saman garin Gembogl inda rana ba ta taɓa ƙasa. Irin jajayen karnukan dajin nan ne da ba sa haushi, sai dogon kuka kamar waƙa. Tsofaffi da yawa sun mutu ba su ga ko ɗaya ba, sai sawu.

Moro ta raine shi yadda iyayenmu mata ke rainon 'yan aladu: ta gasa dankali, ta tauna, ta tofa a tafin hannu, ya lashe. Ta sa masa suna Kua. Ya girma, haƙoransa suka fi nawa kyau, amma a gida ba ya cin abin da bai bi ta bakinta ba. Na ce ta ɓata shi. Ta ce ta ɓata wanda ya fi shi, ga shi nan zaune yana karatu, wato ni.

Da Moro ta rasu muka binne ta, danginta suka shafa yumɓun makoki a jiki suka zauna, suna jiran in faɗi abincin da zan haramta wa kaina har ranar da za a yanka aladun fita makoki. Masu wayo kan zaɓi abin da dama ba sa so. Ni na ce dankali. A ƙasarmu wannan daidai yake da mutum ya ce ya bar abinci. Na koyar da yara tsawon rayuwata, na karanta littattafai da yawa a kan mutuwa, duka masu rai ne suka rubuta su, ba wanda ya ba ni abin yi da hannuna. Rantsuwar nan ta ba ni. Ita kaɗai nake da ita.

Kua kuwa ya bar komai. Ko ɓerayen gona ya daina bi. Ya kwanta a kan ƙafafuna kusa da murhu, haƙarƙarinsa suna fitowa ɗaya bayan ɗaya.

'Yarmu Filomina ta zo daga birnin Lae da buhun abincin karnuka, da hoton wani farin kare yana murmushi a jiki. Kua ya sansana, ya kau da kai.

"Baba, karnukan manyan mutane ne ke cin wannan fa."

"To kai musu. Wannan bai yi boko ba."

Gigmai, ƙanen Moro, wanda a gabansa na yi rantsuwa, ya kawo kitsen alade, sannan kifin gwangwani. Banza. Daga ƙarshe ya gasa dankali ya tauna da kansa, bakinsa jawur da buai, goron ƙasarmu, ya miƙa hannu. Kua ya yi atishawa.

"Ka ji ɗan banza! Ni yake wa ƙyama? Kare?"

"Yana da hanci, Gigmai."

Filomina ma ta gwada. Ya dube ta da ladabi, ya mayar da haɓarsa kan ƙafata.

"Tisa," in ji Gigmai, haka duk garin ke kirana, wato malam, "mu mai da shi daji. Ya mutu cikin 'yan uwansa."

"Wanda ba ya iya tsallake dokin ƙofa ne zai hau dutse?"

"To me za a yi? Bakin da yake so yana ƙarƙashin ƙasa."

Na dubi karen. Hayaƙin murhu ɗaya ya shiga jikina da nata, bargo ɗaya muka rufa tun Filomina ba ta zo duniya ba. Ba don yana ƙaunata ya zaɓi ƙafafuna ba; ni ne abin da ya rage mai warinta.

Na ce, "Miƙo sauran dankalin nan."

Gigmai ya riƙe shi a ƙirji. "Ka rantse a gaban dangi, mijin yaya."

"Na rantse ba zan ci ba. Taunawa zan yi."

"Ji mai littafi! Ka je ka gaya wa tsofaffi haka, su yi maka dariya har aladu su taya su."

"Su yi. Miƙo."

Ya daɗe yana kallona. Sannan ya ajiye dankalin a kan dutsen murhu, ya juya mana baya, ya ce rufin gidan nan yana buƙatar sabuwar ciyawa, zai tsaya ya duba shi da kyau.

Na ɓare. Daga kunyar gonar Moro ne, irin mai ruwan ɗorawa da take shukawa a gefen rafi. Na tauna a hankali, na tofa a tafin hannu, na saukar. Kua ya sansana ya daɗe. Sai na ji harshensa, mai kaushi, mai ɗumi.

Zaƙin ya taru mini a baki, ba inda zan kai shi. Na haɗiye. Rantsuwa ta karye, na sani, Gigmai ma ya ji ƙarar maƙogwarona.

"Ya ci?" ya tambayi rufin.

"Yana ci."

"To ƙara masa mana. Kai komai sai an gaya maka." 

Filomina ta ɗauki sandar tono ta nufi gonar uwarta a gefen rafi.