Akuya a Kujerar Mai Zaure

Jiya da daddare na yi wani mafarki, wai ga ni a cikin wayata, tsakiyar zauren nan na iyaye mata da ke intanet, inda muka kai mu dubu ɗari huɗu. Fili ne fetal, ruwan sama na tsirowa daga ƙasa yana tafiya sama. Kowa ya cire kunnuwansa ya ajiye a bakin ƙofa tare da takalma.

Wata matashiya, Hansai, na tsaye rungume da jariri. "Don Allah iyayena, kwana biyu yana gudawa, maɗigarsa ta faɗa. Yaya zan yi?"

Shekara talatin na yi ina aikin jinya. Na ce ta ba shi ruwan gishiri da sukari, kada ta daina ba shi nono, ta ruga asibiti. Maganata ta fito 'yar mitsitsiya ta faɗi ƙasa, surutu ya binne ta. Wata ta ce, "Ke, a ina kika sayi mayafin nan?" Wata ta ce kambun baka ne. Wani gardi mai gemu, ɗaure da zani, ya ɗaga kwalba: "Allah ya raya mana zuri'a! A shafa wannan a maɗiga, ba sai an je asibiti ba." Filin ya ɗauka da amin.

Sai ga ni a ofishin masu kula da zaure. Akuya ce a kujera, tana tauna takardun ƙorafi.

"Ranki ya daɗe, ina Malama Asabe da ke share mana shirme?"

"An zage ta har ta zama hayaƙi."

"To a cire tallan mai kwalbar can."

"Ba ya ciruwa, Gwaggo. Da addu'a ya fara. Wa zai share addu'a? Mutum dubu tara sun ce amin."

"Addu'ar suka amsa, ko kwalbar?"

Ta daina tauna. "Ba a taɓa tambaya ba."

Na zaro almakashi daga jakata. Na bi tallan nan ɗaya bayan ɗaya, in yanke addu'ar in ninke ta da ladabi in ɗora a ka, ragowar in watsa wa akuya. Aka yi ta ihu, "Tsohuwar nan 'yar boko ce!" Na ce ƙwarai kuwa, har da satifiket.

Na iske Hansai ta riga ta buɗe kwalbar. Na kama hannunta. "Ajiye, 'yata. Goya shi."

"Gwaggo, kowa ya ce..."

"Kowa bai taɓa sa wa jariri ƙarin ruwa ba. Ni na sa."

Hanyar asibiti an naɗe ta kamar tabarma an jingine a bango. Na sa ƙafa na warware ta. Hansai ta gyara goyo, ta taka, ta sake takawa, ina biye ina ƙirga numfashin yaron.

Muna hango ƙofar asibitin ke nan, maƙwabciyata ta tayar da injin markaɗe, na farka.