Kwali Huɗu a Ƙarƙashin Gadon Awo

Likita ya iya allura, ya iya ɗinki, yaro mai tsala ihu ma in ya shiga hannunsa sai ya fita yana dariya. Amma lissafi, Allah dai ya kyauta. Da ya buɗe ɗan asibitinsa mai ɗaki biyu da baranda, matarsa ta ce ya ɗauki akanta. Ya ce wanda ya haddace ƙasusuwan jikin mutum ba tarawa da ɗebewa ne za su gagare shi ba. Ya sayi littafi mai baƙin bango, ya ja layi a tsakiya, dama abin da ya shigo, hagu abin da ya fita. Rasit kuwa duk inda ya samu yake cusawa, aljihun riga, cikin mota, har ƙarƙashin sikeli.

A shekara ta shida littafin ya fara ba shi tsoro. Benci cike da mutane tun safe, amma ƙarshen wata aljihun tebur wayam, ga kuɗin haya ya ƙarato. Ya buga lissafi sama da ƙasa, bai ga abin yankewa ba sai albashi, kuma ma'aikaciya ɗaya gare shi. Sista ce, nas ɗin da ta girme shi da shekara goma, ta bar babban asibiti ta biyo shi tun ranar da aka kafa allon ƙofa. Marayun ƙanenta uku da wannan albashin suke ci. Ya rubuta takardar sallama, ya sa a ambulan, ya yi kwana biyu yana yawo da ita a aljihu, abinci ma ya daina yi masa daɗi.

Ranar Laraba bayan layi ya tsagaita ya kira ta ɗakin awo. Ta shigo rungume da wani fayil mai kauri.

"Sista, zauna. Akwai maganar da..."

"Likita, kafin taka, ga wani mara lafiya ina so ka duba min."

Ta shimfiɗa takardu a kan tebur. Irin takardar nan ce da ake ratayawa a ƙarshen gadon mai jinya, a riƙa ɗiga zafin jikinsa ana haɗawa da layi. Sai dai a gurbin suna an rubuta "aljihun tebur".

"Ni ban karanta lissafi ba," in ji ta. "Wannan kaɗai na iya. Safe da rana da yamma nake ƙirga abin da ke ciki in ɗiga, kamar yadda nake wa mai zazzaɓi. A ƙasa kuma in rubuta abin da ya faru ranar."

Shekara uku take wannan aikin, ba tsallaken rana ko ɗaya, da ƙaramin rubutunta mai tsabta. Likita ya bi layin da yatsa. Yana hawa a hankali, yana hawa, sai kwatsam ya rikito ƙasa. Ya sake hawa, bayan wata biyu ya sake rikitowa. Ƙarƙashin kowace faɗuwa abu ɗaya ta rubuta: dillalin magani ya zo.

"Haba Sista, ai ragi yake yi min in na ɗauki katan goma."

"Katan goma na maganin da muke ba mutum biyu a wata."

"To ai ba asara ba ce. Magani a kan kanta kuɗi ne, shi ya sa ma ba na sa shi a layin fita."

Ta durƙusa, gwiwarta ta yi ƙara, ta jawo kwali huɗu daga ƙarƙashin gadon awo. Duk ƙarshen wata takan bi kanta ta tsame wanda wa'adinsa ya ƙare, don kada hannu ya kai gare shi a ba mara lafiya. Kowace kwalba da kowane farantin ƙwaya ta manna masa farashin da aka saye shi. A murfin kwalin ƙarshe ta tara jimla.

Likita ya karanta, ya cire tabarau ya goge, ya sake karantawa. Albashinta ne na wata goma sha ɗaya cif, a kwance a ƙarƙashin gadon da yake kwantar da mutane kullum.

"Me ya sa ba ki faɗa min ba?"

"Sau uku na faɗa. Ka ce in ji da allura, kai ka ji da littafi."

Ya tuna, har da yadda ya ɗaga mata hannu ranar. Kunya ta lulluɓe shi. Matar nan ba ta yi fushi ba, ba ta kai ƙararsa wurin matarsa ba, ta dai ci gaba da awo sau uku a rana tana jiran likitan ya waiwayo. Shi kuma ga abin da ya tanadar mata a aljihu.

"Sista, ni ma akwai abin da zan..."

"Na sani. Ambulan ma ina ƙirgawa, shekaranjiya ɗaya ya ragu, kuma ba mu tura kowa babban asibiti ba." Ta fara tattara takardunta. "Kwana biyu ban yi barci da kyau ba, Likita, ba zan ɓoye maka ba. Yaran nan ban gaya musu ba. Amma in ka duba ka ga har yanzu ni ce nauyin, ka ba ni takardar kawai."

Ya ciro ambulan ɗin, ya riƙe shi, ya rasa inda zai ajiye. Daga ƙarshe ya ɗaga murfin kwalin farko ya jefa shi cikin lalatattun magungunan. Ya jawo littafinsa mai baƙin bango, ya tura mata, sannan ya janyo kujerarsa ya dawo gefenta.

"Yaya," ya ce, sunan da bai taɓa kiranta da shi ba, "ki yafe min. Daga ina ake farawa?"

Ta goge ido da bayan hannu, ta buɗe shafin farko.

"Fara zazzage rasit ɗin da ke aljihunanka," in ji ta. "Duka huɗun."