Aljihun Da Ke Kallon Ƙofa

A aji uku na sakandare na ajiye biro na ce ya isa. Ba wai kaina ba ya ja ba ne, zaman ne ba na iyawa. Baba ya ɗora ni a kan keken ɗinki a shagonsa, ya ce tunda na ƙi bencin makaranta sai in gwada wannan. Shi ya raɗa mini suna Tsalle.

Yayata kuwa Allah ya ba ta ɗuwawun zama. Ta yi karatu har wata jami'a a ƙasar waje ta ɗauke ta, ta je koyon zanen tufafi da ɗinki. Ranar da takardar ta iso, Baba ya karanta sau biyu ya ce, "Shekara huɗu? A koyi ɗinki? Ni wata takwas na yi na fara yanka yadin mutane."

Da za ta tafi na ɗinka mata rigar bankwana. Hannun hagu ya fi na dama tsawo, wuya ya zame gefe guda, aljihu ya karkace kamar yana leƙen hammata. Baba ya ce in ta shiga jirgi da ita za a sauko da ita. Ta cusa a ƙasan jaka don kada in ji haushi.

A shekararta ta ƙarshe, wata ranar Talata da hantsi, ta kira ni ta bidiyo. Idonta ya kumbura. Bayanta ga gumakan gwajin kaya nan a jere, ba kai ba hannu.

"Tsalle, ina cikin matsala. Saura mako uku a nuna aikin ƙarshe. Malamarmu ta ƙi duk abin da na ɗinka, wai tsaf-tsaf yake kamar kayan ma'aikatan asibiti, babu rai a ciki. In na faɗi, takardar zamana ta ƙare, haka zan dawo ba shaida."

"To ni me zan yi miki, Yaya? In zo in zane ta?"

"Rufe mini baki ka saurara. Jiya kayana duk suna wanki, na sa rigar nan taka na zo share ɗakin ɗinki. Matar nan ta zagaya ni sau uku, ta cire tabarau, ta ce wannan riga tana gardama da jiki. Irinta take so, guda shida."

Na juya na kalli Baba. Allura na bakinsa, ya kusa haɗiye ta.

"Ka ɗinka wata kana ɗaukar bidiyo," in ji ta, "in ga yadda kake yi."

Ranar na zauna kamar mutumin kirki. Jami'a guda na jira na, wasa ne? Na goge yadi, na auna, na sa alli, na yanka a hankali. Awa huɗu ban ɗaga ba. Da na gama na ɗaga rigar, sai ga hannuwa daidai wa daida, wuya a tsakiya, aljihu a miƙe kamar soja. Rigar kirki ta farko a rayuwata, a ranar da ba a so.

Baba ya yi dariya har ya riƙe teburin yanka. Na sake gwadawa, na karkatar da aljihun da gangan. Yaya ta duba ta ce, "Wannan ai ƙarya yake yi, kowa zai gane." Ta auna tsohuwar rigar ta kwaikwaya, tata ma ta fito kamar riga ta sha duka. Kwana biyar suka tafi a haka. A kira na gaba ba ta ko zage ni ba, sai hawaye kawai.

Sai Baba ya miƙo hannu. "Ba ni wayar nan."

Ya jingina ta da gwangwanin maɓallai, ya gyara hula. "Ke, share hawayenki. Shekara shida ina farke ɗinkin wannan sakaran da reza, akwai wanda ya fi ni sanin ɓarnarsa? Ɗauko takarda."

Ta ɗauko.

"Ba ya guga kafin ya yanka, shi ya sa wuya ke zamewa. Hannun dama yake aunawa, sai ya ji direbobi na faɗa a titi ya fita kallo, ya dawo ya manta lamba, ya yanka na hagu da ka. Kullum inci biyu da rabi yake ƙarawa, bai taɓa saɓawa ba. Aljihu kuma ƙofa yake kallo, don can hankalin mai ɗinkin yake. In kin ɗora shi, ki juya kekenki ki sa ƙofa a hagunki."

"Baba, a hankali, ina rubutawa."

"Au, yau ni ake rubutawa? To ƙara da wannan. Waje ya karkace yadda malamarku ke so, amma in an juya cikin rigar, a ga ɗinkin 'yar tela. Zare ɗaya ya yi lilo, ban yafe ba."

Ya shimfiɗa takarda mai faɗi, ya zana mata komai da alli. Mutumin da ko maɓalli ba ya bari ya kauce, ga shi yana auna karkata da tef, yana tsaki.

Ranar nuna aiki ta turo mana bidiyo. Dogayen mutane shida, fuska a murtuke, suna taku cikin ɓarnata, jama'a na tafi. Malamar ta juya cikin riga ɗaya, ta bi ɗinkin da yatsa. Yaya ta ci, har da yabo. Baba ya kalli bidiyon sau tara, ya ce hayaƙin dutsen guga ne ya shiga masa ido. Dutsen gugarmu na lantarki ne.

Washegari wani direba ya dawo da rigar da na ɗinka masa, yana huci, wai aljihu ya karkace.

Na ce, "Malam, ka san abin da ka riƙe kuwa? Wannan sai an yi shekara huɗu a jami'a."

Baba ko kai bai ɗaga ba. Ya turo mini reza ta kan tebur.

"Farke."