Turakun Hanyar Kewaye

Tun ranar da masu awo suka kafa layi biyu na turaku masu jan kai tsakanin gonarsa da ta Tijjani, Badaru bai ƙara samun sukuni ba. An ce za a yi hanyar kewaye don manyan motoci su daina ratsa Gaya, kuma kada wanda ya yi shuka tsakanin turakun.

Damina ta zo ta wuce, ba katafila ba labarinta. Gara kuwa ba ta jiran gwamnati. Duk turken da ta cinye, sai Badaru ya saro darbejiya ya maye gurbinsa, kada a ce ya raina hukuma. Sai dai hannunsa yakan ɗan gusa gaba, ya samu ƙarin kunya ɗaya ta gero. Kullum yana can yana kai da kawo, kunnensa na jiran ƙarar inji, idonsa na kan Tijjani, wanda shi ma yake gyaran nasa layin.

"Maƙwabci, ana ta kula da kayan gwamnati?"

"To, ya za a yi," in ji Tijjani, ko ɗagowa bai yi ba.

Shekaru suka tafi a haka. Ranar da katafila ta iso ta wajen Ajingi, direban ya sauko ya ce a nuna masa filin titin. Kafin Badaru ya buɗe baki, wani mai jaki ya shigo tsakanin layukan biyu. Mangalarsa ta gogi geron Badaru, ta gogi na Tijjani.