Rawani a Ƙugu

Likita ya gaya wa Mani cewa bayansa ya gama da doguwar tafiya a kan moto, wato babur. Ga shi kuwa jibi za a yi sunan jikansa a Tawa, kuma sunansa za a raɗa wa yaron.

Da hantsi ya fito da moton ƙofar gidansa a Dogon Dutsi. Ya duba mai, ya taɓa sarƙa, ya ɗaure tsohon matashi a mazauni da roba. Duk sunkuyon da ya yi sai ya ciji leɓe, matarsa Lantana tana kallo.

"Malam, ka shiga motar haya mana," in ji ta. "Ko masallaci da ƙyar kake kaiwa."

"Mota buhu take ɗauka. Takwarana ba zai fara ganina ana sauke ni ba."

Ya shiga ɗaki neman ɗamarar da likita ya ba shi, ya birkice ko'ina bai gan ta ba. Da ya ga Lantana ta duƙufa tana sharar inda ta riga ta share, ya gane ita ta ɓoye ta. Bai tambaye ta ba.

Sai ya kai hannu ga rawaninsa, wanda shekara ashirin ba a gan shi waje babu shi ba. Ya fito waje, ya warware shi gaban maƙwabta, ya naɗe ƙugunsa tam, ya hau moto.

"Haba Malam, kai ba rawani?" in ji Lantana.

"Kai ya daɗe yana shan girma," in ji Mani. "Yau ya ara wa baya."